Tambaya: ya masana kimiyya na zamanin Sarauniya Biktoriya suke aiki tare alhali babu waya?

Malamar_Kimiyya_BK:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, kuma ina son wanda ya san abin ya yi min bayani da Hausa yadda zan iya maida ma yara. Ina koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata nan Birnin Kebbi, to ranar Talata muna cikin darasin sauro da zazzaɓi na ce musu wani likita ne a Indiya ya gano yadda sauro ke ɗaukar cutar amma mai ba shi shawara yana can Landan, sai wata yarinya da ke zama can layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce Malama to ya aka yi suka yi aiki tare babu waya babu intanet? Na ce mata wasiƙa suke rubutawa. Ta ce Malama in mutum ya yi kuskure a gwajinsa ke nan sai bayan makonni zai ji gyara, kafin nan ai ya ɓata lokaci da yawa. Wallahi tambayar ta tsaya min a rai har na dawo gida, don na ga amsar da na ba ta ba ta gamsar da ita ba, kuma yarinya irin wannan in ta yi tambaya sau ɗaya ba a ba ta amsa mai kyau ba to da wuya ta sake ɗaga hannu.

Abin da nake son sani, shin wasiƙun nan gaisuwa ce kawai tsakanin abokai ko kuwa a ciki ake yin aikin kansa? Wa ke biyan kuɗin aikawa? Kuma su manyan ne kawai ke rubuta ma junansu ko har da ƙananan mutane? In akwai abin da ya shafi ƙasarmu nan ma ina so, don yara sun fi riƙe abu in sun ji sunan garin da suka sani. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baba_Tsohon_Fosta:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni ba masanin kimiyya ba ne amma shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin gidan waya, tun Gusau har Birnin Kebbi, tau ɓangaren wasiƙa zan iya gaya miki abin da munka koya. Ita Biktoriya ta hau sarautar Ingila a 1837 ta rasu 1901. Lokacin da ta hau, aika wasiƙa abu ne na masu kuɗi, don ba mai aikawa ke biya ba, wanda anka kawo ma shi ke biya, kuma ana lissafi ne da nisan gari da yawan fallayen takarda. Falle guda daga Landan zuwa Edinbara ya fi sule guda, kuɗin da leburan wancan lokaci zai yi gumi kafin ya samu. In ka sa ambulan sai a ƙirga shi falle na biyu, shi ya sa suke ninke takardar kanta su ɗiga mata kakin zuma su buga hatimi. Wasu kuma in sun cika shafi sai su juya takardar su ci gaba da rubutu a gicciye bisa wanda sunka riga sunka yi, layi na tsallaka layi kamar saƙar tabarma, duk don kada a ƙara falle.

A 1840 ne wani mutum Rolan Hil ya samu aka canza tsarin. Ya ce a bar lissafin nisa, kowace wasiƙa mara nauyi kwabo ɗaya duk inda za ta cikin ƙasar, kuma mai aikawa ya biya tun farko. Watan Mayu na shekarar anka fara manna 'yar baƙar takardar nan mai hoton kan sarauniya, ita ce ta farko a duniya, kuma irinta ce mu Hausawa muke ce ma kan sarki har gobe. Cikin shekara guda wasiƙun da anka aika sunka ninka fiye da biyu, daga wajen miliyan 76 zuwa kusan miliyan 169. Can ƙarshen zamaninta a cikin Landan masinja kan zagayo har sau goma sha biyu a yini, mutum ya rubuta da safe ya samu amsa kafin la'asar ya sake maida wata kafin magariba. Tau ki gaya ma yarinyar taki ba kowace wasiƙa ke daɗewa ba, ta cikin gida kusan kamar saƙon waya take, wadda ke ƙetare teku ita ce ke cin makonni. A 1870 kuma sunka fito da katin da ba a sa shi ambulan, rabin kwabo, abin da iyayenmu ke ce ma ɗari.

Ni na ga ƙarshen wanga zamani da idona. Buhun wasiƙu na zuwa da jirgin ƙasa, mu kwance igiya mu zube bisa tebur mu rarraba cikin akwatuna, ga masu rubuta ma mutane wasiƙa zaune bakin ƙofa ƙarƙashin dalbejiya da 'yan teburansu. Akwai wani malamin gona da nake tunawa, duk ranar Litinin sai ya zo da ƙananan ambulan cike da irin gero da dawa yana aika ma abokan aikinsa Zariya, in amsa ta zo nan tsaye zai buɗe ta ya karanta bai ko jira ya kai mashin ɗinsa. Duk sanda na ji ana labarin waɗancan Turawa shi nake gani.

Abu_Gusau:

Baba Allah ya ƙara lafiya, ka share mana hanya. Malama amsar tambayarki ta farko ita ce a cikin wasiƙun ake yin aikin kansa, kuma babu misalin da ya kai Cals Darwin, masanin halittu na Ingila. Mutumin nan bayan ya dawo daga tafiyarsa ta jirgin ruwa, a 1842 ya koma wani ƙauye da ake kira Dawun a yankin Kent, ba shi da isasshiyar lafiya, yawan amai da ciwon ciki, bai cika zuwa taro ba, daga wannan gidan ya yi shekara arba'in yana aiki har ya mutu a 1882. To ta ina yake samun labarin tsirran Indiya da ƙwarin Birazil? Ta gidan waya. Masu tattara wasiƙunsa a jami'ar Kambirij sun samu sama da 15,000, tsakanin waɗanda ya rubuta da waɗanda aka rubuto masa, da mutane kusan 2,000. Shi da abokinsa Josef Huka na lambun binciken tsirrai na Kiyu kaɗai sun yi musayar wajen 1,400.

Abin da ya fi burge ni shi ne su waye mutanen. Ba furofesoshi kaɗai ba ne. Akwai masu kiwon tantabara, masu lambu, masu kiwon zuma, likitocin ƙauye, 'yan mishan, jami'an mulkin mallaka. Shi kansa ya gina ɗakin tantabaru a gidansa, yana rubuta ma wani mai kiwon kaji da tantabaru Tegetmaya yana tambayarsa abin da mai kiwo ne kawai zai sani, har fatun tantabaru aka aiko masa daga Indiya da Farisa. Na taɓa zama da masu tantabara a unguwarmu nan Gusau, mutum zai kalli ɗan shila ya gaya maka irin uwarsa da ubansa da launin da zai fitar in ya girma, bai taɓa shiga aji ba amma ilimin yana kansa, to irin waɗannan mutanen Darwin ke bi da takarda yana roƙo cikin ladabi. A 1855 da yake jiƙa iri cikin ruwan gishiri don ya ga ko zai tsira bayan ya daɗe a teku, a jaridar masu lambu ya rubuta yana neman duk wanda ya taɓa gwadawa ya gaya masa. Akwai kuma mata a ciki, ki gaya ma ɗalibanki wannan, wata Meri Tirit a Amurka tana lura da tsirran da ke kama ƙwari suna ci, ta rubuto masa abin da ta gani da idonta, kuma ya ambaci sunanta a littafinsa na 1875 kan waɗannan tsirran.

Sannan wasiƙa ita ce shaida in gardama ta taso kan wa ya fara. A watan Yuni 1858 wani ƙunshi ya iso gidan Darwin daga tsibirin Tarnate, cikin Indunusiya ta yau, daga wani saurayi Alfired Walas wanda sana'arsa kamo ƙwari da tsuntsaye yana sayarwa, zazzaɓi ya kwantar da shi can, yana kwance tunanin ya zo masa, ya rubuta ya aiko. Darwin ya buɗe ya ga ra'ayinsa kan yadda jinsunan halittu ke sauyawa, wanda ya yi shekara ashirin yana tarawa bai buga ba, ga shi wani ya rubuta shi cikin 'yan shafuka. Takardar ta yi watanni a hanya, kuma in ya ce zai tambayi Walas ya za a yi sai an ƙara wasu watannin. Ga shi a satin nan ƙaramin ɗan Darwin na fama da zazzaɓi, ya rasu ranar 28 ga watan. Sai abokansa Layel da Huka suka ɗauki takardar Walas suka haɗa da wani rubutun Darwin na 1844 da kwafin wasiƙar da ya aika ma Asa Gire, masanin tsirrai na Amurka, a watan Satumba 1857, aka karanta su tare a ƙungiyar masana halittu ta Liniyan a Landan ranar 1 ga Yuli 1858. Wannan kwafin mai kwanan wata shi ya nuna Darwin bai ɗauki na Walas ba. A ganina dai ba a yi ma Walas cikakken adalci ba tunda ba a nemi izininsa ba, ko da yake shi da kansa da labari ya kai masa bai nuna ɓacin rai ba, kuma sun ci gaba da rubuta ma juna har mutuwar Darwin.

Sani_Jega:

Malam Abu ni fa gaskiya ban yarda da maganar mutumin nan ba kan asalin ɗan Adam, mu mun san inda muka fito, kuma ina ganin a yi hattara da abin da za a kai ma yara 'yan sakandare.

Abu_Gusau:

Malam Sani na ji ka kuma ina girmama abin da ka faɗa. Ba ra'ayinsa na kawo ba, tambayar Malama kan yadda suke aiki ce. Har cikin masu rubuta masa akwai waɗanda ba su yarda da shi ba, tsohon malaminsa Adam Sejwik ya rubuto masa a 1859 ya gaya masa ƙarara cewa littafin ya ɓata masa rai, shi ma Asa Giren mai riƙo da addininsa ne sosai, sun yi shekaru suna jayayya a takarda kan ikon Mahalicci kuma zumuncinsu bai yanke ba. In Malama ta ga misalin zai kawo ruɗani a aji akwai wasu, ga na gano duniyar Niftun, a 1846 wani Bafaranshe Leberiye ya yi lissafi da alƙalami ya ce akwai wata duniya a wuri kaza, ya aika wasiƙa Balin ta Jamus, ta isa ranar 23 ga Satumba, a daren nan masanin taurari Gale ya saita na'urar hangen nesa ya gan ta.

Dan_Gwandu:

Salamu alaikum. Malama kin ce kina son abin da ya shafi ƙasarmu, tau ga shi har ƙofar gida. Wasu daga cikin wasiƙun da masanan Landan da Balin ke jira da ɗoki a wancan zamani labarin garuruwanmu ne ke cikinsu. Gwamnatin Ingila ta turo mutum ukku a 1850, Ricadsan da Obaweg da Hainrik Bat, wanda ya sa ma kansa suna Abdulkarim. Sunka ƙetaro hamada daga Tarabulus. Ricadsan ya mutu 1851 kafin ya kai Kukawa, Obaweg ya mutu 1852 bakin tafkin Cadi, saura Bat shi kaɗai. A 1853 ya taso ya biyo Katsina, ya ratsa Zurmi a ƙasar Zamfara, ya keta dajin Gundumi tafiyar fiye da yini da kwana babu tsayawa don tsoron mahara, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna Wurno ya shiga Sakkwato, cikin watan Mayu ya iso nan Gwandu zamanin Halilu ɗan Abdullahi ɗan Fodiyo. Halilu mutum ne mai tsentseni, bai yarda sun ga juna ido da ido ba, amma ya ba shi takardar izinin wucewa.

Abin da nake son ki gaya ma yara shi ne, a nan Gwandu wani malami ya ara ma Bat littafin Tarihus Sudan, tarihin Songai da Tambutu wanda Turai ba ta san da shi ba. Bat ya iya Larabci, ya zauna kwana ukku zuwa huɗu shina kwafar abin da ya iya, ya aika da shi Jamus cikin wasiƙa, anka buga a 1855. Har kuskure ya yi ya ce Ahmad Baba ne ya wallafa alhali na Abdurrahman Sa'adi ne, daga baya anka gyara. Tau ki duba, ilimin yana nan cikin gafakar malamanmu tun tuni, wanda ya kwafa ya aika shi duniya ta sani, wanda ya ajiye littafin ya kare shi daga gara da damina ya kuma yi karamcin ba da aro, yaranmu ba su ko san an yi shi ba. Wanga abu yana ci min rai duk sanda na wuce hubbaren Malam Abdullahi.

Maganar daɗewa kuwa, wasiƙar Bat ba jirgin ƙasa take bi ba. Sai ya samu ayarin fatake ko ɗan aike mai zuwa arewa, a sa ta cikin kaya bisa raƙumi ta bi ta Murzuk ta kai Tarabulus wajen ƙaramin jakadan Ingila sannan ta hau jirgin ruwa. Watanni take yi, wata ta shekara, wata ta ɓace in an tare ayari. Shi ma haka yake jira, yana Bagarmi a 1852 kuɗi sun ƙare masa takardun Landan sunka iske shi da izinin ci gaba da tafiya. A Landan akwai mai zana taswira Fitaman, shi ke karɓar labarin ya sa a jarida ya gyara taswira da shi. Da Bat ya shiga Tambutu watan Satumba 1853 ya zauna ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmad Bakkayi, labarinsa ya yanke, har anka ce ya mutu, jaridun Turai sunka buga. Wani saurayi masanin taurari Edwad Fogel da anka turo don ya taimaka masa shi ma ya ɗauka ya mutu, sai ga su sun yi kiciɓis a daji kusa da Bundi kan hanyar Kukawa ƙarshen 1854.

Kuma kada yara su ɗauka Turawa sunka koya muna wanga al'ada. Kafin Biktoriya ta hau sarauta Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno sun yi muhawarar ilimi ta wasiƙa, hujja na amsa hujja, Bello ya sa su cikin Infaƙul Maisuri. A 1824 ya rubuta ma Sarki Joji na huɗu na Ingila ta hannun Kilafatan, wani Bature matafiyi da ya zo Sakkwato, cikin abin da yake nema har da likita. Da Kilafatan ya dawo ya kawo masa littafin lissafin Iƙlidis na Larabci, Bello ya ce gidansu na da shi a da, daga Makka anka kawo, gobara ta cinye. Nana Asma'u ma ta yi musayar rubutu da malamai na nesa.

Yar_Kaura_Lab:

Sannunku da ƙoƙari. Anti Malama ni a ɗakin gwajin jini nake aiki a wani asibiti nan Zamfara, kullum da damina sai na duba jinin yara fiye da yadda zan ƙirga, to labarin da kika fara ba ɗalibanki shi na fi sani, bari in cika miki shi. Ƙwayar cutar wani likitan sojan Faransa Laberan ne ya fara ganinta cikin jini a Aljeriya a 1880, amma ta ina take shiga mutum shi ne aka rasa. Ronal Ros likitan soja ne a Indiya, ya je hutu Landan a 1894 ya haɗu da wani babban likita Fatirik Mansan, shi ne ya zaunar da shi ya nuna masa ƙwayar a madubin likita ya ce ina zargin sauro, je ka bincika. Ros ya koma Indiya 1895, daga nan har 1899 wasiƙu fiye da ɗari suka shiga tsakaninsu. Ros zai rubuta abin da ya gani ya zana hotonsa a gefen takarda, wani lokaci ya haɗo da 'yan gilasan gwajin da ya shirya a cikin ƙunshi don Mansan ya duba da idonsa, shi kuma Mansan ya amsa ya ce gwada kaza, kada ka karaya.

Tambayar yarinyar nan tana kan hanya wallahi, don Ros ya yi wajen shekara biyu yana feɗe sauron da ba shi ne ke ɗaukar cutar mutane ba. Amma ba ya zama jiran amsa, yana aikawa yana ci gaba, wata wasiƙar na tafiya wata na dawowa suna saɓani a teku. Ranar 20 ga Agusta 1897 a Sikandarabad ya feɗe wani sauro mai ɗigo-ɗigo a fuffuke wanda ya sha jinin wani majinyaci Husaini Khan, ana biyan mutumin ɗan kuɗi kan kowane cizo, ya ga ƙwayar manne a bangon cikin sauron. Duk wanda ya taɓa kafa ido a madubi awa biyu cikin zafin Afrilu babu wuta babu fanka ya san abin da ake nufi, ido na ruwa wuya na ciwo gumi na ɗiga bisa gilashi, balle a ce cikin sauro kake tsagawa da allura ɗaya bayan ɗaya. Bayan wannan nasarar sai shugabanninsa suka yi masa canjin wurin aiki zuwa inda kusan babu zazzaɓin, a nan ne amfanin aboki a Landan ya fito, Mansan ya yi ta bin manya har aka maida shi Kalkata a 1898 don ya yi binciken kawai. Can ya yi aiki da tsuntsaye ya bi ƙwayar har cikin jakar yawun sauro, ya buga ma Mansan tangaraho, Mansan ya tashi daga jinya ya sanar a taron likitoci a Edinbara watan Yuli 1898. Ros ya samu kyautar Nobel a 1902. Abin baƙin ciki daga baya zumuncin nasu ya lalace kan maganar wa ya fi cancantar yabo, kuma Indiyawan da ke kamo masa sauro da tsuntsaye suna taya shi aikin ba kasafai ake jin sunansu ba, daidai da abin da Yaya Dan_Gwandu ya faɗa.

Malamar_Kimiyya_BK:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma, Malam Abu, Yaya Dan_Gwandu, ƙanwata ta Ƙaura, Malam Sani kai ma na ji shawararka, zan ɗauki na sauro da na Gwandu da na Niftun. Abin da na yanke shi ne zan raba ajin gida biyu, rabi su zama Indiya rabi Landan, kowa ya lura da randunan ruwa da kwatocin unguwarsu ya rubuta abin da ya gani na tsutsar sauro da kwanan wata a sama, ni zan riƙe wasiƙun sati guda kafin in miƙa ma ɗaya ɓangaren. Ita yarinyar da ta yi tambayar ita zan sa ta fara rubutawa. Baba wata tambaya kuma, maganar nan ta sa na tuna akwai adakar mahaifinmu marigayi a ɗakin Inna cike da takardunsa, wasu da ajami wasu da boko, na lokacin da yake aikin dabbobi a Argungu da Yawuri, na buɗe jiya na ga gara ta fara cin gefen wasu. Ya zan yi da su?

Baba_Tsohon_Fosta:

Allah ya jiƙan mahaifinki. Ɗiyata ki fidda su daga adakar nan yau, kada ki bari damina ta iske su ƙasa. Ki shimfiɗa su cikin inuwa ba rana ba, rana na cin tawada, ki kakkaɓe da tsumma busasshe a hankali. In akwai ƙarfen maƙala takarda ko fil ki cire don tsatsa ke huda su, kuma kada ki manna salatif inda ya yage ko ki kai a yi musu leda mai zafi, wanda duk ya yi haka ya kashe takarda. Ambulan ɗin kada ki yar ko guda, kowace wasiƙa ta zauna da nata, don hatimin gidan waya da ke bisa kan sarki shi ke gaya miki gari da ranar da anka aika, wani lokacin mai rubutun bai sa kwanan wata ba sai a nan za ki samu. Ki ɗauki hoton kowace da wayarki gaba da baya, sannan ki jera su bisa shekaru cikin fayil ki ɗora bisa kanta nesa da bango. Na ajamin ki nemi dattijo cikin abokan mahaifinki ya karanta miki kina ɗaukar muryarsa tun suna raye, don su sunka san mutanen da ke ciki. In kin ga mai hatimin Gusau daga 1978 zuwa sama ki turo min hoton in gani, mai yiwuwa hannuna ne ya buga shi.